Zanen yatsa ya daina buɗe waya bayan canjin sikirin

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wayata Android ce, irin mai karanta zanen yatsa ta ƙarƙashin sikirin. Tunda aka canja mata sikirin, yatsa ya daina buɗe ta. Na goge tsohon zanen don in sa sabo, rajistar ma ta ƙi ƙarasawa. Sensar ce ta mutu, ko akwai abin da zan gwada kafin in mayar da ita wurin gyara?

Mai gyaran waya:
Wa alaikumus salam. Malam, da wuya a ce sensar ce. Fara tambayar wanda ya yi aikin wane irin sikirin ya sa maka. Yawancin sensar ƙarƙashin sikirin ƙaramar kyamara ce: sikirin ya haska yatsa, ita kuma ta ɗauki hoton zanen ta cikin gilashin. Sikirin OLED ne ke barin haske ya ratsa. LCD kuwa yana da faifan fitila a bayansa wanda ke toshe wa sensar gani gaba ɗaya. Idan an cire OLED an sa LCD saboda arha, ko ka kwana kana danna yatsa ba za ta karanta ba.

Gane shi ba wuya. Shiga ɗaki mai duhu, ka buɗe hoto baƙi ƙirin. A OLED sikirin zai zama kamar an kashe shi, a LCD kuwa za ka ga haske toka-toka yana fitowa, musamman ta gefe.

In OLED ne, saura daidaita sensar da sabon gilashin, abin da masu gyara ke kira kalibireshan. Mutane da yawa na tsallake wannan mataki. Google ma yana da manhaja ta musamman don wannan aiki a wayoyin irin su Pixel 6.

Ɗan manhaja:
Maganarsa gaskiya ce. Amma kafin ka fita, duba abu ɗaya: shiga saiti, wurin tsaro da makulli. Zaɓin zanen yatsa yana nan? Idan ya ɓace, ko ya ce sensar ba ta amsawa, to wayar ba ta ganin sensar ke nan, galibi siririn fileks ɗinta ne, wato igiyar da ke haɗa ta da cikin wayar, ba a jona da kyau ba, ko ya yage lokacin da aka kwance wayar. Idan yana nan amma rajista na tsayawa a tsakiya, matsalar gani ce.

Cire gilashin kariya ka sake gwadawa. Mai kauri, ko mai gam a gefe kawai, yana barin iska tsakaninsa da sikirin, kuma sensar da ke aiki da sautin da kunne ba ya ji, irin wadda Samsung ya fara sa wa Galaxy S10 a 2019, ba ta jure wannan ko kaɗan. Goge wurin da ƙyalle mai laushi da ɗigon sifirit, kada ka zuba kai tsaye. Yatsa kuma kada ya jiƙe, kada ya bushe ƙamas. Sannan kashe wayar ka kunna. Ka sani bayan kunnawa dole sai ta nemi lambar sirri tukuna, wannan tsari ne, ba lalacewa ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Zaɓin yana nan, na cire gilashin kariya, babu canji. A duhu kuma baƙin hoton yana fitar da haske. In yi mata wankin ƙwaƙwalwa ne, wato in goge komai ta koma kamar sabuwa?

Mai gyaran waya:
Don Allah kada ka yi. Za ka yi asarar hotuna da saƙonni a banza, don maganar ba ta manhaja ba ce. Alamar da ka gani ta LCD ce. Mayar da ita a sa maka OLED da ya dace da samfurin, a yi kalibireshan, kuma ka yi rajistar yatsa a gaban mai gyaran kafin ka karɓa. Buɗe ta sau biyar ko shida, ka tabbatar tana amsawa. Kafin nan ka ci gaba da amfani da lambar sirri, kada ka bar ta babu makulli.