Neman kalma: me za mu kira "stormwater utility" da Hausa?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 10 na safe za mu ɗauki shirin rediyo kan ambaliya a cikin garin Kaduna, kalmar nan ta tsaya mini. Tsari ne da birane da yawa a Amurka ke bi: a ware sashe mai asusun kansa, ba shi da wani aiki sai hanyoyin ruwan sama, mai gida ko fili kuma ya riƙa biya gwargwadon ruwan da wurinsa ke turowa titi. Suna biyu nake nema, na sashen da na kuɗin, wanda mai sauraro a Rigasa zai gane ba sai an yi masa sharhi ba.

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. Hukumar magudanan ruwa. Kuɗin kuma harajin magudana.

Injiniya Barnawa: Hajiya, na farkon ya yi, amma a ƙara "sama". Ruwan kwata na wanka da wanke-wanke daban ne, ko da yake a unguwanninmu lambatu ɗaya suke bi. Haraji kuwa a cire shi. Haraji baitulmali yake shiga, a yi albashi ko asibiti da shi. Wannan ladan aiki ne kamar kuɗin ruwan famfo, kuma ƙa'idarsa ba a taɓa shi sai don aikin ruwan sama, kamar: yashe magudanai kafin damina, gyaran kwalbatin da ya fashe, da gina sabo inda gari ya faɗaɗa.

Ga yadda ake lissafin. Ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Fuloti hamsin da ɗari ya kai murabba'in mita 465. A ce rufin kwano da daɓen siminti sun cinye 300, aka yi ruwan milimita 40 a dare guda: lita 12,000 ke nan, durom 60, kusan duka lambatu za su nufa. Maƙwabcinsa da ya bar tsakar gida ƙasa da bishiyoyi, ƙasa ta shanye masa kaso mai yawa. Shi ya sa faɗin wurin da ruwa ba ya nutsewa ake aunawa, yawanci da hoton da aka ɗauka daga sama. Wanda ya kafa tanki ko ya haƙa ramin tsotse ruwa a yi masa rangwame.

Malam na Tudun Wada: To ai Injiniya ya ba mu kalmar da bakinsa. Kuɗin indararo. Me ke zubo ruwan gida waje? Indararo. Hausa tsantsa, gajere, yaro ma ya san shi. Hukumar kuma Hukumar Indararo. Ba kwalbati, ba gwata, ba aron komai.

Injiniya Barnawa: Allah gafarta Malam, indararo na rufi ne kaɗai. Gidan mai, tashar mota, harabar da aka shimfiɗe da intalok, su suka fi turo ruwa, kuma daɓensu ba shi da indararo. Idan aka sa wannan sunan, su za su fara cewa ba su a ciki.

Malam na Tudun Wada: Ma'ana tana faɗaɗa. Jirgi na ruwa ne a da, yau na sama da na ƙasa duk jirgi ne. Abin da ke damuna shi ne mu a Kaduna kullum sai mu jira Kano ko gidajen rediyon waje su raɗa suna mu ɗauka. Nan ne fa hedikwatar tsohuwar Jihar Arewa, daga nan Rediyon Kaduna ya koya wa ƙasar Hausa kalmomin mulki.

Abu Kawo: Malam, haraji da hukuma ma daga Larabci suke, ba wanda ya kore su. Kuma kwalbati ba shi da madadi: magudana a buɗe take a gefen titi, kwalbati ƙarƙashin titi yake ratsawa. Birkila ka ce masa "magudanar ƙarƙashi" sai ya tambaye ka wacce.

Malam na Tudun Wada: Larabci daban. Ya zauna da mu shekaru ɗaruruwa.

Maman Ummi: Mun bar mai tambaya a tsaye. Na janye haraji. A jihar Maryland ta Amurka an yi dokar irin wannan kuɗi a 2012, masu adawa suka laƙaba mata "harajin ruwan sama", zuwa 2015 aka sassauta ta. A nan ma duk sunan da ya sa mutum ya ji kamar ana sayar masa da rahamar Allah, maganar ta mutu tun a rediyo. A ɗora sunan a kan ramin da ake yashewa, kar a ɗora shi a kan ruwan.

Abu Kawo: Ni "hukuma" ce ban gamsu da ita ba. Mai sauraro zai ɗauka wata sabuwar KEPA (hukumar kare muhalli) ko KASUPDA (hukumar tsara birane) ce ta jiha. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya sa gina magudanai da kula da su cikin ayyukan ƙaramar hukuma, haka ma ƙiyasta gidaje don harajin gida. Matsalar, garin Kaduna ya ratsa ƙananan hukumomi huɗu: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Igabi da Chikun, ruwa kuwa gangara yake bi har Kogin Kaduna. Wata ta yashe nata, ta ƙasa ba ta yashe ba, ruwan ya dawo gidajen mutane. Ni "asusun magudanai" zan ce, don keɓe kuɗin shi ne sabon abu a tsarin.

Injiniya Barnawa: Asusu ba ya riƙe shebur. Sai da ma'aikata da motar kwasa. Kuskuren da ake yi kowace shekara: a yashe a Afrilu, a tara yashi da leda a bakin lambatun, ruwan farko ya mayar da su ciki. Sai kuma masu shaguna da ke rufe lambatu da silab ba su bar ƙofar yashewa ba. Lambatun da yashi ya ci rabinsa ba zai ɗauki ruwan Agusta ba. A faɗi wannan a shirin.

Baban Khalifa: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan yi: "sashen kula da magudanan ruwan sama mai asusun kansa" a farkon shiri, daga nan "sashen magudanai". Kuɗin kuma "kuɗin magudana".

Malam na Tudun Wada: Sunan farkon ya yi tsawo, numfashi zai ƙare kafin a kai ƙarshensa. Kuɗin magudana ba laifi, amma ban sauka daga indararo ba. Ka ambace shi ko sau ɗaya, mu ji abin da masu bugo waya za su ce.

Baban Khalifa: Zan ambata, Malam, wurin bayanin rufi. Saura abin da za mu kira wurin da ruwa ba ya nutsewa. Daɓe ya isa, ko akwai wadda ta haɗa da kwalta da kwano?