Ɗana ya shiga sizem (ajin farko na kwaleji) ya canza hali, ku me kuka gani?

Uban yara, unguwar Bagalam, Maraɗi: Salamu alaikum ƴan uwa. Ɗana ya shiga kwaleji a watan Oktoba. A firamare mushe guda, wato malami ɗaya, ke riƙe da aji, ya san kowa har gidansu. Yanzu kowane darasi da malaminsa, in yaro ya yi fashi da wuya a lura. Sakamakon farko 7 bisa 20 ya kawo, alhali sai da 10 ake wucewa. Daga isha'i yana fada, wato majalisar samari, wajen shayi har dare ya raba. Na yi duka, abin sai gaba yake yi. Don Allah wanda ya taɓa gani ya yi magana.

Ɗalibi, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo: Baba, ni fadar ce ta cece ni a turazem, ajin ƙarshe na kwaleji. Akwai ƴan lise (makarantar gaba da kwaleji) biyu cikinmu, suka kafa doka: ba a ɗora buta sai an gama lissafi. Haka muka samu BEPC, takardar shaidar gama kwaleji. Kafin ku raba shi da abokai, ku san su wane ne.

Uwar ƴan mata, Ali Ɗan Sofo: Malam, ni ban yi lakwal ba, ko kalma ɗaya ta Faransanci ban sani. Amma kowane dare ɗiyata na buɗe min littafinta, in duba inda jan biro ya taɓa, in ce ta faɗa min da Hausa abin da aka koya. Ranar da ta yi shiru, na san da magana. A haka na gano ƙawayenta na yi mata dariyar tallan da take fita da yamma, har ta fara ƙin shiga aji. Na sauke mata tallan, ko da yake kuɗin cefane ya ragu, kuma wallahi mun ji a jikinmu.

Tela, Sabon Gari: Daga ƙauyen Madarunfa aka kawo ni gidan mai masauki. Ɗiban ruwa, aike, yunwa. Shekara biyu ba wanda ya tambaye ni ya karatu. Na bari. Har yau abin na ci min rai.

Uban yara, Bagalam: Na gode, Allah ya saka. Jiya na kira abokansa muka ci tuwo tare. Ɗaya ne ya faɗa min yaron ba ya gane Faransancin malamin lissafi, kunya ke hana shi tambaya. Ranar Litinin zan je in ga malamin.