Shin girgizar ƙasa ce ta ƙaru a Accra, ko labarinta ne ya ƙaru?

Mazaunin Nima, Accra:
Assalamu alaikum. A daren 24 ga Yuni 2020 ina zaune a ɗaki sai na ji kwanukan da ke kan kanta suna kaɗawa, har yara suka farka, sannan a Disambar 2022 aka sake jin motsin ƙasa. Mahaifiyata ta ce a zamaninsu abin bai kai haka yawa ba. Ta yaya masana ke tabbatar da cewa girgiza ta ƙaru a wani yanki?

Malamar lissafi, Madina ta Accra:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ƙidaya kaɗai ba ta wadatar ba, domin duk inda aka ƙara kafa na'urorin auna girgiza, ƙananan da a da suke wucewa ba a sani ba sai su shiga lissafi, adadi ya hau alhali ƙasar ba ta sauya ba. Saboda haka masana sukan zaɓi matakin ƙarfin da suka tabbata babu girgizar da ta kai shi da ta kuɓuce wa na'ura, su ƙirga daga nan zuwa sama. Sukan kuma ware girgizar da ke biyo bayan babba, wadda tun 1894 masanin Japan Omori ya nuna tana raguwa da tafiyar kwanaki. Abin da ya rage shi ake gwadawa da matsakaicin shekarun baya, a ga ko bambancin ya wuce abin da dace kawai zai iya haifarwa.

Dattijo daga Sabon Zango, Accra:
Yarona, ka gaya wa mahaifiyarka cewa a 1939 girgiza ta rushe gidaje a garin nan, mutum 17 suka rasu, kafin nan kuma an yi ta 1862. Shekarun mutum ɗaya sun yi kaɗan a auna wannan al'amari da su.

Ɗalibi daga Asawase, Kumasi:
Baba ya yi gaskiya. Sai dai a ƙara da batun wuri, domin motsin Accra ya fi taruwa ne wajen unguwannin Weija da McCarthy Hill da ke yammacin birnin, kusa da tsagar ƙasa ta Akwapim, kuma idan aka haɗa lissafinsu da na Gana baki ɗaya sauyin zai ɓace. Inda aka ga sauyi na haƙiƙa shi ne jihar Oklahoma ta Amurka: girgiza mai maki 3 ko fiye a ma'aunin ƙarfi ta tashi daga ƙalilan a shekara kafin 2009 zuwa sama da 800 a 2015, bincike kuma ya danganta hakan da gurɓataccen ruwan haƙar mai da ake turawa can ƙarƙashin ƙasa.