Neman shawara: aksul ɗin bayan Peugeot 504 ɗina na kuka

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da Peugeot 504 doguwa da na gada wajen mahaifina, haɗin Kaduna. Da zarar ta ɗau gudu sai gurnani ya taso daga baya, ga mai na yoyo ta cikin tayar dama, har birkin gefen ya rage kamu. Bakanikena ya ce mu shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano mu ɗauko wani aksul ɗin gaba ɗaya. Kafin in zuba kuɗi, me kuka gani?

Wani tsohon bakanike:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka yi gaggawa. Hau titi mai kyau ka kasa kunne. In ƙarar na ƙaruwa ko raguwa lokacin da ka sha kwana, boris ɗin tayar ne. In kuwa kana taka totur ta yi kuka, kana sakewa ta sauya murya, to haƙoran tsakiyar aksul ne, nan ne aiki babba. Sannan a ɗaga ta da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. Yadda ka kwatanta, na fi zargin boris ne ya ci, shaf ya riƙa rawa har ya kashe oyil sil, wato robar da ke tare mai. Kuma don Allah a cire tsohon boris a sa sabo da injin matsawa. Yaran yanzu guduma suke ɗauka, su lalata sabo tun bai fara aiki ba.

Wani direban tasha:
Ni dai da aksul ɗin zan canza in huta.

Tsohon bakaniken:
Malam, wanda za a sayo ɗin ma tsoho ne, wa ya san cikinsa? Na Alhaji aƙalla an san hannun da ya riƙe shi.

Wani ɗan group:
Ku duba ƙaramar kafar iska da ke jikin aksul. Ƙurar Kano na toshe ta, in mai ya yi zafi sai ya tura sil, sabo ma sai ya yi yoyo. Layinin birkin da ya sha mai ba ya wankuwa, a canza na gefe biyu tare. In an gama a juye tsohon man giya a duba ko akwai garin ƙarfe a ciki, sannan a zuba sabon man giya mai lamba EP 90 har ya kawo bakin ramin zubawa.