Ta yaya mai ƙuri'u mafi yawa ke faɗuwa zaɓen shugaban Amurka?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Masana, ku warware mini wannan. A 2016 Hillary Clinton ta ɗara Donald Trump da ƙuri'u kusan miliyan 3, amma shi aka rantsar. Wane irin lissafi ne wannan? Kuma in aka yi kunnen doki, wa ke raba gardama?

Malamin Tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba ƙuri'un ƙasa baki ɗaya ake haɗawa ba, jiha-jiha ake cin zaɓen. Kowace jiha tana da wakilan zaɓe, waɗanda su ne ke zaɓen shugaban, daidai da adadin 'yan Majalisar Wakilai ta tarayya da take da su, a ƙara sanatocinta biyu. 'Yan Majalisar Wakilai 435, sanatoci 100, sai 3 da gyaran fuska na 23 ga kundin tsarin mulki ya bai wa birnin Washington a 1961: 538 ke nan. Wanda ya kai 270 ya ci. Bayan ƙidayar 2020, Kalifoniya na da 54, Teksas 40, Wyoming kuwa 3.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a jihohi 48 da birnin Washington, wanda ya zo na ɗaya ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce, shi ke kwashe wakilan jihar kaf. Maine da Nebraska ne kaɗai ke rabawa mazaɓa-mazaɓa. To duba 2016. Clinton ta ci Kalifoniya da ratar sama da miliyan 4, amma wakilai 55 ɗin da ta samu a lokacin, ko da ratar dubu ɗaya ce su za ta samu. Rarar duk ta tafi a banza. Shi kuwa Trump ya ci Michigan da Wisconsin da Pennsylvania da ratar da ba ta kai 80,000 ba in an haɗa ukun, ya tafi da wakilai 46. A 2000 ma ƙuri'u 537 na Florida ne suka bai wa George W. Bush 271.

Mutane da dama ba su san cewa wannan tsari na kwashe duka ba ya cikin kundin tsarin mulki ba. Sashe na biyu ya bar wa majalisar kowace jiha ta tsara yadda za ta naɗa wakilanta. Jihohin ne suka zaɓi hakan, don kada nauyinsu ya rarrabu.

Hajiya Lauya:
Malam ya yi bayani, bari in ɗora da matakan. Jama'a na jefa ƙuri'a a Nuwamba, jihohi su tabbatar da sakamako. Wakilan zaɓe ba sa taruwa wuri ɗaya: kowane rukuni na zama a jiharsa cikin Disamba, su jefa ƙuri'a ɗaya ta shugaba, ɗaya ta mataimaki, a rufe a aika Washington. Ranar 6 ga Janairu majalisun biyu su zauna tare a ƙirga, 20 ga wata a yi rantsuwa.

Wuri biyu ake samun tangarɗa. Na farko, wakili ya saɓa alƙawarin zaɓen ɗan takarar da aka turo shi ya zaɓa. Bakwai sun yi haka a 2016, shi ya sa aka tashi 304 da 227 maimakon 306 da 232. A 2020 Kotun Ƙoli, a shari'ar Chiafalo da jihar Washington, ta ce jiha na da ikon hukunta irin wannan wakili, sai dai ba kowace jiha ce ke da dokar ba. Na biyu, ranar ƙirga. Bayan rikicin 6 ga Janairun 2021, ranar da magoya bayan Trump suka kutsa ginin majalisa ana cikin ƙirga, dokar 2022 ta fayyace cewa mataimakin shugaban ƙasa jagorantar zaman kawai yake yi, ba shi da ikon watsi da ƙuri'ar wata jiha, kuma ba a sauraron ƙorafi sai kashi ɗaya cikin biyar na kowace majalisa sun sa hannu.

Batun kunnen doki kuwa, in babu wanda ya kai 270, Majalisar Wakilai ke zaɓa cikin uku na sama, amma kowace jiha ƙuri'a ɗaya tak, ana neman 26. Wato ɗan majalisa ɗaya na Wyoming daidai yake da 52 na Kalifoniya. Wannan ne ɓangaren da ya fi damuna a tsarin duka. Ta nan John Quincy Adams ya kayar da Andrew Jackson a zaɓen 1824, alhali Jackson ne kan gaba.

Ɗan Fagge:
Na gode, Hajiya. To me ya hana su soke shi?

Malamin Tarihi:
Gyaran kundin na bukatar kashi biyu cikin uku na majalisun biyu, sannan jihohi 38 cikin 50 su amince. An kusa a 1969: Majalisar Wakilai ta amince da 338 da 70, ƙudirin ya mutu a Majalisar Dattawa a 1970. Ƙananan jihohi ba za su saki abin da ke hannunsu ba. A Wyoming wakili ɗaya na tsaya wa mutum kusan 190,000, a Kalifoniya sama da 700,000. Tushen ma da tabo: a 1787 an ƙirga kashi uku cikin biyar na bayi wajen rabon kujeru, jihohin kudu suka sami ƙarin wakilai da mutanen da aka hana 'yanci.

Nijeriya da ta ɗauko tsarin shugaban ƙasa a 1979 ba ta ɗauko wannan ba. Ta ce a ci ƙuri'u mafi yawa, a kuma samu kashi 25 a kashi biyu cikin uku na jihohi. Shi ma bai tsira daga gardama ba: a zaɓen farko Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12 cikin 19, a Kano ya tsaya ƙasa da kashi 20 kaɗan, sai da Kotun Ƙoli ta karɓi lissafin 12 da biyu cikin uku kafin a rantsar da shi.