Baba yana dafa kujera a kan allon Wii, yaya zan yi?

Jama'a, ina neman shawara. Mahaifinmu, mai shekara 71, ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama bara. Likitar da ke masa gashi ta yarda ya riƙa atisayen tsayuwa a gida, sai na samo tsohuwar na'urar wasan bidiyo ta Nintendo Wii da allonta na Wii Fit, wanda ake tsayawa a kansa ana wasan motsa jiki. Mutumin da sai an yi ta lallashi kafin ya ɗaga ƙafa, yanzu shi ke tambayar yaushe za a kunna.

Ga inda na maƙale. Allon yana auna nauyi ne ta kusurwoyinsa huɗu, da haka yake gane ɓangaren da mutum ya karkata. Baba kuwa tsoron faɗuwa yake yi, ba ya hawa sai ya dafa kujera da hagu. Nauyin sai ya tafi kan kujerar, wasan ya ce ya karkace, ransa ya ɓaci. Ni kuma ba zan janye kujerar ba.

Na yi tunanin Kinect, wata na'urar wasan da ke bin motsin jiki, tunda kyamara ce, ba a riƙe komai, amma Microsoft ta daina ƙera ta tun 2017. Akwai wanda ya gwada ta da dattijo a zaune? Ko akwai dabarar tallafa masa a kan allon ba tare da awon ya rikice ba?