Shin ƙwayar halittar tsiro tana da mitokondiriya, ko ta dabba ce kaɗai?

Ɗalibar aji shida, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ina shirin jarrabawar WAEC, kuma a darasin bayoloji an koya mana cewa ƙwayar halittar tsiro tana da bango da kuloroflas da babbar jakar ruwa, ta dabba kuwa ba ta da su. Abin da ya shige mini duhu shi ne, tunda kuloroflas ne ke haɗa wa tsiro abinci daga hasken rana, me zai yi kuma da mitokondiriya? Sannan bakteriya, a wane ɓangare take?

Malamin bayoloji, Kawo:
Wa alaikumus salam, 'yata. Tsiro yana da mitokondiriya, kuma a nan ɗalibai da yawa suke zubar da maki. Kuloroflas sukari yake haɗawa daga ruwa da iskar kabondayokzaid, amma sai mitokondiriya ta sarrafa sukarin nan kafin ƙwayar ta samu ƙarfin yin aiki, dare da rana. Ki duba saiwar masara: tana cikin ƙasa, ba ta ganin rana, ba ta da kuloroflas, duk da haka tana girma, domin ganye yana aika mata sukari, mitokondiriyarta kuma tana ƙona shi. Har fatar albasa da kuke dubawa a madubin ɗakin gwaji mai girmama ƙananan abubuwa, bango za ki gani da cibiya (wato nukiliyas, ma'ajiyar bayanan gado ta ƙwayar), ba koren komai.

Bakteriya daban take da ƙwayar tsiro da ta dabba duka biyun, domin ba ta da cibiya mai rufi, ba ta da mitokondiriya, sai dai tana da raibozom (masu haɗa furotin) da bangonta na musamman.

Ma'aikaciyar jinya, Barnawa:
Malam, bari in ɗora a kan maganar bango, domin kullum muna ganin amfaninta a asibiti. Penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, hana bakteriya gina bangonta yake yi har ta fashe, mu kuwa ƙwayoyin jikinmu ba su da bangon da zai rushe. Rashin bangon nan ne kuma ya sa ba a ɗaura wa majiyyaci zallar ruwa a jijiya: jajayen ƙwayoyin jini za su sha ruwan su kumbura su fashe, shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙari da shi yake da gishiri kashi 0.9 cikin ɗari. Ƙwayar tsiro idan ta sha ruwa bangon ne ke riƙe ta, kamar yadda alayyahun da ya yi yaushi yake miƙewa idan an tsoma shi a ruwa.

Malamin bayoloji, Kawo:
Haka yake, Hajiya. Ki kuma lura, 'yata, zanen da ke littafi bai wakilci kowace ƙwayar dabba ba. Jar ƙwayar jinin ɗan Adam idan ta nuna ba ta da cibiya, ba ta da mitokondiriya, shi ya sa ba ta rabuwa biyu, kuma kimanin kwana 120 take yi jiki ya maye gurbinta da sabuwa daga ɓargo.